Tagwayen Wuƙaƙe a Itafajife

Labarin jirgin ruwa ba zan ba da shi ba. Wanda ya shiga ya sani, wanda bai shiga ba kuwa ko kwana na yi ina faɗi ba zai gane ba. An dai sauke ni a gaɓar Bahiya, can ƙetaren teku, a cikin bayi, ina ɗan saurayi, gemu bai fito ba. Sunana Audu, daga wani ƙauye a ƙasar Katsina, gidanmu gidan maƙera ne kaka da kakanni. Wani limamin coci ya yayyafa mini ruwa ya ce daga yau sunana Zuze. Na amsa Zuze shekara da shekaru, amma ko a mafarki ba a taɓa kirana da shi ba.

Zangona na farko gonar rake ce, can nesa da birni. Mai gonar tsoho ne mai arhar alkawari. Da ya ga na fi iya gyaran adda a kan sara da ita, sai ya ɗauke ni ya sa a maƙerarsa, ya dafa kafaɗata ya ce ranar da ya mutu na zama ɗa, na fita daga bauta. Na riƙe maganar nan kamar laya. Ya mutu, 'ya'yansa suka ce su ba su ji ba, aka haɗa ni da alfadarai aka kai birni aka sayar.

Birnin gida biyu ne, ɗaya a bakin teku ɗaya a kan tudu, kuma duk abin da zai hau sama a kan baƙin mutum yake hawa. Wata rana ina hawan gangare da buhu a ka na yi tuntuɓe, na ce wash. Sai na ji an ce sannu a bayana. Na yi shekaru ban ji kalmar nan ba. Na ajiye buhun a tsakiyar hanya na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba. Mai sannun Baba Tanko ne, Bazazzagi, tsohon ɗan dako da ya fanshi kansa. Shi ya kai ni wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa kusa da dandalin Felurinyo, inda 'yan tsofaffi ke rufe ƙofa su yi salla, su ci tuwon shinkafa da busasshen nama, su yi ta gardama a kan wane gari ya fi kyau a ƙasar Hausa. In muka bi ta gangaren Farasa sai su rage murya, don a wani gida can Musulmi suka fara tawaye tun kafin a kawo ni, kuma hukuma ba ta manta ba.

A bakin ƙofar ɗakin nan Salamatu ke suyar ƙosai da manja. Banufiya ce, ta fanshi kanta da kaskonta. Ranar da ta ji ni Bakatsine ne ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce tun tana yarinya ake gaya mata Katsinawa bayin Nufawa ne, ga shi sai da ta ƙetare teku ta ga shaida. Na ce ai kifi ne ya cinye wa Nufawa hankali. Wasan da ke tsakanin kakanninmu a gida shi muka ci gaba da yi a bakin titi, har Baba Tanko ya gaji da mu ya nemo goro aka shafa Fatiha. Allah bai ba mu haihuwa ba. Ni ne danginta, ita ce nawa.

Zangona na ƙarshe Itafajife ne, wani harshen ƙasa da ya miƙe cikin ruwa a arewa da tashar jiragen. Ubangidana na can mutumin Fotugal ne mai gidan yankan katako. Ina wasa zarto ina gyaran ƙarafa, ranar Asabar da yamma ya sake ni in hau tudu wurin matata. A haka furfura ta fara fito mini.

Sai aka kawo injin feren katako daga Ingila. Tebur ne na ƙarfe, a samansa akwai wani gungumen ƙarfe mai kusurwa huɗu da aka ɗaura wa wuƙaƙe biyu, kowace ta kai tsawon damtse. Tururi ke juya shi da igiyar fata. Ka tura katako mai kaushi ta nan, ya fito ta can sumul, kauri ɗaya daga kai zuwa gindi. Masu fere da hannu suka tsaya suna kallonsa kamar an yi musu mutuwa. Ni kuwa wuƙaƙen nake kallo, don ban taɓa ganin ƙarfe mai kyau irinsu ba.

Baturen da ya zo kafa injin ba ya jin yarena, ba na jin nasa, amma ya ga yadda nake riƙe ƙarfe ya yafito ni. Ya ba ni wuƙaƙen in wasa. Ɗaya tana da ɗan giɓi, sai na yi mata yadda ubana ya koya mini, na ci ta a dutse har giɓin ya ɓace, har ta aske gashin hannuna. Ɗayar lafiyarta lau, na ɗan goga ta kawai. A maƙera haka ake yi, kowace wuƙa da ciwonta. Da aka ɗaura aka kunna, injin ya kama rawa, ƙasa na girgiza, kowa ya yi ta kansa. Baturen bai zage ni ba. Ya kwance su ya ɗora a ma'auni, ɗaya nan ɗaya can, na ga wadda na ci ta yi sama. Ya ɗaga yatsu biyu ya haɗa su.

A take na gane. Tagwaye ne. A garinmu in ka saya wa Hasan hula ba ka saya wa Husaini ba, ka jawo wa gidanka kunama. Tun daga ranar sunansu ke nan a wurina, kuma abin da na yi wa Hasan sai na yi wa Husaini, ko yana so ko ba ya so.

Kafin Baturen ya koma ya bar mini aikin a hannu, sauran kuwa ni na ƙaro da kaina. In za ka ɗaura wuƙa, sai ka sauke igiyar fata tukuna, don injin ba shi da aboki. Ka kankare mazaunin wuƙa, kada ka bar danƙon itace ko ƙwayar dusa ɗaya. Ka ɗora wuƙar ka ɗaure notinanta da yatsa kawai. Ka ajiye guntun itace mai tauri a kan tebur, ka shimfiɗa takardar taba a kansa, ka juyo gungumen da hannu a hankali har bakin wuƙar ya ja takardar bai yanke ta ba. Ka yi haka a gefen dama, ka yi a na hagu, kana ƙwanƙwasa bayanta da guntun katako har su daidaita. Sannan ka ɗauki sifana ka fara ɗaurewa daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan-kaɗan, kana zagayowa. In ka gama ka sake aunawa, don ɗauri yana sa wuƙa ta yi rarrafe. Noti kuma yana da iyakar da yake so. In bai kai ba wuƙa ta kwance, in ya wuce ya tsinke, kuma ba a ganin iyakar nan da ido, a hannu take.

Ba yabon kai ba, na iya. Masu yin akwatunan sigari suna son katako siriri mai ƙanshi wanda babu tabo a fuskarsa, kuma suka daina zuwa ko'ina sai wurinmu. Daga bakin ƙofa nake sanin halin da tagwayena ke ciki da kunne kawai. Da Hausa nake yi musu magana, don tsofaffin ɗakin Felurinyo suna ta raguwa, Yarbanci da yaren Fotugal sun cinye titi.

Ashe kaza ce ni, ina tono wuƙar yanka kaina. A lokacin ana kwasar bayi daga Bahiya ana kai su gonakin gahawa na kudu. Wani dillali ya zo ya tsaya yana kallon aikina, ya ce akwai mai gona a can da ya sayi irin injin nan ya rasa mai riƙe masa. Ubangidana ya ji farashi, idonsa ya rufe. Abu ɗaya ya hana shi miƙa ni a ranar, ba shi da wanda zai ɗaura masa wuƙaƙe. Sai ya kawo wani mutumin ƙasarsu mai suna Manuwel ya ce in koya masa. Bai ɓoye mini ba. Ranar da Manuwel ya fitar da katako mai kyau da hannunsa, ranar zan bi dillali.

Wanda aka kai kudu ko sunan garin da yake ba a ƙara ji. Aurenmu Fatiha da goro suka ɗaura shi, coci ba ta san da shi ba, don haka a idon hukuma ni gwauro ne. Salamatu kuwa ko da take 'yantacciya, ba ta da ikon barin gari sai da izinin 'yan sanda, ga gwiwa ta fara ba ta wahala. Da na gaya mata ba ta yi kuka ba. Ta ce ita dai ta san kan Bakatsine ba ya ɗaukar karatu, bare ya koyar, don haka hankalinta a kwance yake.

Baba Tanko ya tsufa ƙwarai a lokacin, a kwance na same shi. Ya saurare ni har na gama.

"Audu, kai ba ɗan maƙera ba ne? Yaushe maƙeri ya fara zazzage wa bare buhunsa? Koya masa tara, ka riƙe ɗaya."

"Baba, abin da ido ke gani zai ɗauka ko ban so ba. Wanda zan iya ɓoyewa shi ne na hannu, shi ne kuma mai kisa."

"To ka zaɓa tsakanin wuyansa da matarka."

Gaskiya ya faɗa, sirrin maƙera ba ya fita daga gida. Amma a gidan nan dai aka koya mini cewa maƙeri ba ya miƙa wa mutum ƙarfe da aibi a ɓoye a cikinsa. Na taɓa ganin ɓallin wuƙa ya tashi daga injin nan ya nutse a azarar rufi, ko gilmawarsa ba wanda ya gani. Mai tura katako kuwa a gabanta yake tsayawa. Ban da wannan ma akwai girman kai, ba zan ɓoye ba. Na tsani a ce wanda Audu ya koya wa aiki bai iya ba.

Na so in ƙi Manuwel, abin ya gagara. Magidanci ne, ƙato, mai tafin hannu kamar faranti, ya baro mata da 'ya'ya a wani ƙauyen duwatsu. Wanda ya kawo shi ya yi masa alkawarin aikin kanti, ya ƙare yana kwana a kan buhuna. Da rana sai ya koma gefe yana cin garin rogo gaya, yana kallon teku. Na san irin kallon nan. Wata Litinin na tura masa ƙunshin ƙosan Salamatu, barkono ya sa shi hawaye, ya cinye tas. Ya ce in ya samu aikin nan zai aika a kawo iyalinsa.

Na koya masa. Na sa shi kankare mazauni har ya gaji. Na kai shi wurin dutsen wasa da ma'auni, na gaya masa sunan tagwayen da dalilin sunan, ya yi dariya ya riƙe. Ranar da muka zo kan ɗauri na tsaya da sifana a hannu, maganar Baba Tanko na yi mini yawo a ka. Sai na ɗora hannuna a kan nasa muka ja tare, na tsayar da shi a daidai inda noti ke cewa ya isa. Muka yi ta maimaitawa har hannunsa ya fara tsayawa kafin nawa. Daga ranar ya daina ce mini Zuze, ya koma kirana Gwani.

Bai san sharaɗin ba sai da aiki ya kusa nuna. Mai hura wutar tukunyar tururi ne ya gaya masa. Ya same ni ina wasa Husaini.

"Gwani, in na iya, kai ina za ka?"

"Kudu."

"Matar da ke yin ƙosan fa?"

"Tana nan."

Sai ya ce, "Ka sani tun farko, kuma ka koya mini duka?"

"Wuyanka ne a gaban wuƙar," na ce. "Miƙo mini Hasan."

Bai ƙara tayar da maganar ba, ni ma haka. Aikinsa ma sai ƙara kyau ya yi, na ce a raina ai ba laifinsa ba ne, kowa da inda yake masa ciwo. Lahadin ƙarshe Salamatu ta ɗaure mini 'yan tsummokarana da goro da ɗan tasbaha. Muka yi sallama irin ta mutanen da ba sa son a ga fuskarsu.

Asabar da safe ubangida ya zo da dillali. Aka ce in koma bakin ƙofa, kada in yi magana, kada in yi nuni. Daga nesa nake kallon Manuwel. Ya sauke igiya, ya kankare, ya auna, ya fara ɗauri daga tsakiya. Ban taɓa shiga hali irin na ranar ba. Rabin zuciyata na roƙon Allah ya ɓata, rabi kuma na cewa yawwa, haka, zagayo. Aka mayar da igiya, ya koma gefe kamar yadda na koya masa, injin ya tashi. Ba rawa, ba kaɗawa. Na ce shi ke nan, Audu, sai kudu.

Katako ya fito. Ubangida ya ɗaga shi ga haske, ya shafa, sai fuskarsa ta canza. Fuskar katakon duk gargada ce ƙanana a jere, kamar rairayin da ruwa ya bi ta kansa. Aka tura na biyu, haka. Ya jefar da shi ya shiga zagi, ya ce da ni ko dai jaki aka ba ni in koyar, ko ni ne jakin. Na haɗiye. Ya ce in zo in gyara.

Na sauke igiya na sa hannu. Mazauni fes. Na bi notina ɗaya bayan ɗaya da sifana, kowane yana daidai inda ni zan tsayar da shi. Husaini ya ja takarda bai yanke ba, dama da hagu. Na juyo Hasan, sai ya yanke ta. Ya fi ɗan'uwansa fitowa da ɗan kaɗan, shi kaɗai ke cin katako, shi ya sa gargada. Na auna ɗaya gefen. Daidai wa daida da na farko.

Na yi shekaru a aikin nan, na san kuskuren ɗan koyo. A karkace yake zuwa, gefe ɗaya sama gefe ɗaya ƙasa. Wannan kuwa a miƙe yake, an ɗaga shi gwargwadon abin da zai ɓata katako bai taɓa lafiyar kowa ba. Wanda bai iya ba, ba zai iya ɓata aiki haka ba. Na ɗaga kai na dubi Manuwel, yana tsaye yana murza hularsa kamar wawa, ubangida na zazzaga masa ruwan zagi.

Na gyara, katako ya fito kamar an shafa masa mai. Masu akwatunan sigari na jiran kayansu, jirgin dillali kuma ba ya jira. Ubangida ya sallami dillalin da haƙuri, ya ce da Manuwel ya koma fili ɗaukar gungume, tunda abin da ya dace da shi ke nan.

Na same shi a filin da gungume a kafaɗa. Ya waiga ya ga ba kowa.

"Da na zo auna Hasan, takardar na zare, Gwani. Dama da hagu. Ya yi daidai?"

"Ya yi daidai."

"Na ji tsoron kada ka ji kunyata."

Na taya shi sauke gungumen kawai.

Iyalinsa ba su zo a shekarar ba, ba su zo a ta bayanta ba. Daga baya ya haye ƙetaren ruwa ya samu wani gidan katako inda ba a san shi da sunan jaki ba, na riƙa jin labarin wani mutumin Fotugal da ke kiran wuƙaƙensa da sunayen da ba wanda ya san inda ya samo. Ubangida bai ƙara samun wanda zai saye ni da irin wancan farashi ba, har cinikin kudu ya mutu. Na fitar da katakon da ba zai ƙirgu ba a rayuwata, amma in aka tambaye ni aikin da na fi alfahari da shi, wancan mai gargada ne, kuma ba ni na yi shi ba.

A ranar gwajin nan dai, da yamma aka sake ni kamar kowace Asabar. Na ɗauki ƙunshina na kama hanyar tudu, ban san gwiwoyina na da sauran gudu ba sai ranar. Na hango Salamatu a mazauninta, ta ba hanya baya, don kada ta riƙa duban inda ba mai zuwa. Na tsaya a gefenta na ajiye ƙunshin. Ta dubi ƙunshin, ta dubi ƙafafuna, ba ta ɗago ba.

"Bakatsine," ta ce, "har kudun ma sun ƙi ka?"

"Sun ce sai an haɗa musu da Banufiya gyara."

Ta kama bakin rigata ta riƙe da hannu biyu, masu saye na tsaye da kwanoninsu, ƙosai na cikin mai yana ƙonewa, hayaƙi na tashi. Wata mata ta ce uwar gida, kaskonki. Salamatu ta ce a bar shi ya ƙone.